LAMBUN TSAKAR GIDA: Damina Ta Fara Naɗe Tabarma, Kowace Ta Dubi Saman Garinsu

Da fatan su Mama da Baba suna lafiya, kuma ana taya su aiki, ba a wuni a kan katifa da littafin soyayya a hannu ba. Karatun ba laifi ba ne, amma ku sani tukunyar miya ba ta san wani masoyi ba, kuɓewa ta sani da daddawa.

To, yau zancenmu a kan ƙarshen damina ne, wato daga tsakiyar watan Agusta har zuwa ƙarshen Satumba. Waɗannan 'yan makonni su ne ke yanke hukuncin yadda miyar gidanku za ta kasance da rani. Yanzu ganye ya yi yawa har awaki suna ƙyale shi, kuɓewa kuwa har kyauta ake yi da ita. Amma ku tuna da watan Afrilu da Mayu, lokacin da kayan miya ke tsada kamar zinare, Mama ta riƙe kuɗin cefane tana juya su ta rasa ta inda za ta fara. Yarinyar da ta yi aiki yanzu, ita ce za ta buɗe tulu a wannan rana ta ɗebo busasshiyar kuɓewa da garin kuka ta fid da gidansu kunya. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai akwai wani hanzari. Wasiƙunku suna zuwa mini daga Damagaram, daga Kano, daga Jos, har daga zangon Kumasi, kuma kusan tambayar ɗaya ce: "Anti, me zan yi wa lambuna yanzu?" Gaskiyar magana amsa ɗaya ba za ta ishe ku duka ba, domin abin da zai gyara lambun 'yar Maraɗi a wannan wata shi ne zai kashe na 'yar Abuja. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

ME YA SA AIKIN YA BAMBANTA?

Ruwan da muke samu iska ce ke ɗauko shi daga tekun Atilantika da ke kudu da mu. Tana farawa da garuruwan bakin teku, tana hawowa arewa sannu a hankali, har ta kai iyakarta a watan Agusta. Daga nan sai busasshiyar iskar Sahara ta fara tura ta baya. Saboda haka garin da ruwa ya zo wa a ƙarshe, shi ne garin da yake fara bari. Yana ɗaukewa a Damagaram kafin Kano, a Kano kafin Zariya, a Zariya kafin Abuja.

Yawansa ma ba ɗaya ba ne. Masana suna auna ruwan sama da milimita. Damagaram tana samun wajen 400 a shekara, Maraɗi wajen 500, Kano wajen 800 zuwa 900, Zariya ta haura 1,000, Jos kuwa wajen 1,300 zuwa 1,400. Kin ga ke nan 'yar Jos tana samun ninkin ruwan 'yar Damagaram har sau uku. Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, NiMet, takan fitar da hasashen lokacin ɗaukewar ruwa na kowace jiha a farkon shekara, kuma ana maimaitawa a rediyo. In kin ji ana shirin manoma, kada ki murɗa ki koma tashar waƙa, ki tsaya ki ji na jiharku. Yanzu bari mu bi ku rukuni-rukuni.

RUKUNI NA FARKO: 'YAN GABAR SAHARA

Ina nufin ku 'yan Damagaram, Maraɗi, Tawa, Sakkwato, Katsina, Daura, Nguru, Gashuwa da Maiduguri, har da 'yan uwanmu na Injamena a Chadi. Ku ruwanku yana gab da sallama, galibi daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshensa an gama. Don haka kada ki ɓata irinki ki shuka abin da zai ɗauki wata biyu ko uku kina dogaro da sama. Abin da za ki iya shukawa yanzu ki ci shi ne alayyahu, domin cikin mako 3 zuwa 4 ya isa yanka.

Babban aikinku shi ne tsinke ganye tun yana da ƙuruciya. Rama, yakuwa, lalo, karkashi, tafasa, zogale da ganyen kuka, duk a tara a shanya kafin su tsufa su yi ja. Ku kun yi sa'a, iskarku ba ta da laima sosai, shanya ba ta ba ku wahala.

Na biyu, ki riƙe 'yar danshin da ta rage a ƙasa. Ki samo busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ki shimfiɗa a gindin kuɓewa da barkono da gauta, kaurin yatsu uku zuwa huɗu. Ki bar ɗan fili tsakanin ciyawar da jikin shukar saboda gara. Da wannan kaɗai sai kuɓewarki ta ƙara makonni tana haihuwa bayan ta maƙwabta ta bushe.

Na uku, shinge. Da zarar daji ya fara bushewa, fara takan baro shi ta nufi duk inda ta hango kore, sannan da an gama girbi za a saki dabbobi. Akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu kafin ki idar da sallar Azahar. Ki roƙi yayanki ko ƙanenki ya kafa miki danga tun yanzu, in kara ya samu a ƙara mata kauri.

Na huɗu, albasa. Garin Galmi da ke jihar Tawa ya yi suna a duk Afirka ta Yamma saboda albasarsa mai ruwan hoda, haka ma Aliero a jihar Kebbi. Manoman rani sukan zuba irin albasa daga Satumba zuwa Oktoba, su dasa bayan mako 6 zuwa 8, su cire daga Fabrairu zuwa gaba. Ke ma fangali ɗaya ya ishe ki, ki ci lawashi, ki yi gabu, ki kuma sami 'yar albasarki. Fangalin rani a wajenku mai zurfi ake yi, a ɗaga gefensa don ya riƙe ruwa. Amma wurin renon iri a ɗan ɗaga shi, a yi masa rumfa, domin Satumba ba ta da tabbas. A watan Satumba ne na shekarar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Allah Ya kiyaye gaba. Tumatir kuwa kada ki yi gaggawar dasa shi, akwai zafin nan da kan dawo a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa. Ki jira sai dare ya fara sanyi.

RUKUNI NA BIYU: 'YAN TSAKIYA

Ku ne 'yan Kano, Dutse, Gusau, Funtuwa, Zariya, Bauchi da Gombe. Agusta a wajenku marka ce, a wuni a kwana ana zubawa, kuma ruwan kan kai ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Matsalarku yanzu yawan ruwa ce. In ya kwanta a gindin shuka kwana biyu ko uku, saiwa ba ta samun iska sai ta ruɓe, ki ga ganye ya yi laushi alhali ƙasa jagab take. Ki ɗauki fartanya ki ja wa ruwan hanya, ki tara ƙasa a gindin kuɓewa da attaruhu. In a buhu ko tsohon bokiti kika yi shuka, ki duba ƙasansa, in hudar ta toshe ki ƙara hudawa, ki ɗora shi kan bulo.

Kuɓewa tana fara haihuwa bayan kwana 50 zuwa 60 da shuka. Wadda ta shuka kafin tsakiyar Agusta za ta ci da ruwan sama da raɓar kaka. Wadda ta wuce haka ta san cewa sai ta ƙarasa da ban ruwa. Wadda kuma tata ta riga ta fara haihuwa, ta riƙa tsinka duk bayan kwana 2 ko 3, domin in aka bar 'ya'yan suka tsufa a jiki, uwar sai ta rage haihuwa.

Yakuwa kuma ki raba ta gida biyu. Ita ba ta fure sai rana ta fara gajarta, wato daga Satumba zuwa Oktoba. Wadda kike so ta miya ki ci gaba da tsinkarta. Wadda kike so ta ba ki zoɓo da gurguzu, ki ɗaga mata ƙafa daga yanzu, ki bar mata ganyenta ta sami ƙarfin fure. Wajen Nuwamba za ki ɓare zoɓonki.

Satumba ce watan zuba irin tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji da latas na rani. Abin da ya sa tumatir ya fi albarka da hunturu shi ne furensa ba ya son dare mai zafi, in zafi ya yi yawa sai furen ya zube bai ɗaura ɗa ba. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura, masu shan ruwan madatsar Tiga, suke cika kasuwa da tumatir daga Janairu zuwa Maris. Ki yi lissafi yadda furen naki zai faɗo cikin sanyi: a zuba iri a Satumba, a dasa a Oktoba, a fara tsinka wajen ƙarshen Disamba.

Amma kafin nan, ki tumɓuke tsohon tumatirin damina da ya gama haihuwa, ki ƙona shi ko ki binne da zurfi. Kun dai tuna shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Wannan tsutsa cikin ganye take shiga ta yi ta sassaƙa, ki ga farin tabo kamar an kankare, kuma a tsohuwar shuka take fakewa ta jira sabuwa. Sannan kada ki mayar da tumatir inda kika cire tumatir, ko attaruhu, ko gauta, ko dankalin Turawa, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ki sa shi inda aka cire wake ko alayyahu.

Ciyawar da kike nomewa ma kada ki zubar a kwata. Ki haƙa rami, ki jera ciyawa, ki bi da kashin awaki ko na tumaki, ki barbaɗa toka, ki rufe da 'yar ƙasa, ki sake jerawa. Ki riƙa juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata 2 zuwa 3 ya zama baƙin taki mai ƙamshin ƙasa, daidai lokacin da lambun rani ke nemansa. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona shuka yake yi, sai ya ruɓe tukuna.

RUKUNI NA UKU: MASU DOGUWAR DAMINA

Kaduna, Minna, Abuja, Keffi, Lafiya da makamantansu, ku da sauranku. Ruwanku kan kai ƙarshen Oktoba, kuma Agusta da Satumba su ne suka fi kowane wata ruwa. Kuna da damar shuka ta biyu: kuɓewa, wake, kokwamba, alayyahu, lalo da ugu. Ko yaɗon dankalin Hausa kika dasa a kan kunya cikin Agusta, bayan wata 3 zuwa 4 za ki haƙa.

Abin da za ku kiyaye shi ne cutar ganye, domin laima da ɗumi su ne abincinta. Ki kafa wa tumatir da kokwamba sanda ki ɗaure su, kada su kwanta a taɓo. Ki cire ganyen ƙasa-ƙasa waɗanda ruwa ke fantsama wa laka. In shuka ta cushe ki rage, iska ta riƙa ratsawa. Kuma kada ki shiga tsinka ganye na jiƙe, da hannunki za ki kwashi cutar daga wannan ki kai wa waccan.

Yawan ruwa kan wanke abincin da ke cikin ƙasa, shi ya sa za ki ga tsofaffin ganye sun koma ruwan ɗorawa. Ki zuba ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu biyu a kewayen kowace shuka, ki rufe da ƙasa. Batun shanya kuwa ku dakata. Kuɓewar da aka yanka aka shanya a Minna cikin Satumba, fumfuna za ta riga rana isa gare ta. Ku ci ɗanye yanzu, ku sayar, ku yi kyauta, babbar shanya ku bari sai Nuwamba. Renon tumatir ɗin rani ma sai Oktoba.

'Yan kan tsauni, wato Jos, Bukur, Pankshin, Mambila da Ngaundare a Kamaru, naku daban ne. Jos tana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, shi ya sa kabeji, karas, latas da koren wake ke yi muku kusan duk shekara. Sai dai sanyi da hazo da yayyafi su ne ke kawo cutar nan mai ƙona dankalin Turawa, wadda ta sha yi wa manoman Bokkos da Mangu ɓarna, kuma tana kama tumatir. Alamarta baƙin tabo ne a ganye kamar an watsa masa ruwan zafi, da sassafe kuma ki ga wani farin gashi-gashi a bayan ganyen. Da kin gani ki cire ki binne, kada ki jefa a ramin taki. In dankali ya ƙosa, ki yanke ganyen ki bar 'ya'yan a ƙasa kamar mako biyu fatarsu ta yi ƙwari, sannan ki haƙa a ranar da ba ruwa. Karas kuwa ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake shuka shi, a ƙasa mai laushi marar tsakuwa.

RUKUNI NA HUƊU: MASU DAMINA BIYU

Ina 'yan zangon Kumasi, da Nima a Ankara, da Sabo a Badun, da Agege a Legas, da unguwar Hausawa ta Yawunde? Ban manta da ku ba. Ku damina biyu gare ku. Ruwa kan lafa a watan Agusta, sannan ya dawo daga Satumba zuwa Nuwamba. Ashe ke nan lokacin da 'yar Katsina ke naɗe kaya, ke yanzu za ki shimfiɗa naki. Ki yi amfani da wannan 'yar sararawa ki share wuri, ki zuba taki, ki reni iri, da ruwa ya dawo ki dasa. Kuɓewa, ayoyo, alayyahu, gauta da barkono duk za su yi. 'Yan Ankara ku lura, ruwanku na biyu ba shi da yawa, ku tanadi na ban ruwa.

Na san da yawanku gidan haya kuke, tsakar gida duk siminti. Tsohon buhun shinkafa ya wadatar. A cika shi da ƙasa da taki, a huda ƙasansa, a sa tumatir ɗaya ko kuɓewa biyu. Dodon koɗi ne abokin gabarku, da daddare yake fitowa ya cinye 'yan tsirrai. Ku bi da tocila ku tsince shi. Shanya kuma sai hunturu ya leƙo muku a Disamba da Janairu.

YADDA AKE RENON IRI

Wannan kuma na kowa da kowa ne. Ki haɗa ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen taki da yashi daidai wa daida, ki zuba a tsohon kwano mai huda ko a kan 'yar kunya. Ki ja layi da yatsa, zurfinsa kada ya kai rabin gaɓar yatsa, ki zuba iri jefi-jefi, ki rufe, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Da ya fara tsirowa, tumatir cikin kwana 5 zuwa 7, ki janye ciyawar. Ki yi 'yar rumfa don kada ruwan sama ya buge su. Ban ruwa da safe ya fi, kuma kada ki cika, domin yawan jiƙa shi ke sa ƙafar tsiro ta ruɓe ya faɗi.

Tumatir da latas suna isa dashe cikin mako 3 zuwa 4, kabeji 4 zuwa 5, tattasai da attaruhu 5 zuwa 6. Saura mako guda ki rage musu ruwa da inuwa don su saba da wahala. Ki dasa da yamma bayan La'asar. Tsakanin tumatir da tumatir kamu ɗaya, tsakanin albasa da albasa faɗin tafin hannu.

SHANYA DA AJIYA

Ganye a inuwa ake shanya shi, wurin da iska ke kaɗawa. Rana tana ƙona korensa, tana kuma rage sinadarin da ke ƙara lafiyar ido. Ki wanke, ki tsane a kwando, ki baza a faifai ko tabarma mai tsabta kada ya hau kan juna, ki riƙa juyawa. In kin murza ya ruguje, ya bushe ke nan. Kuɓewa da barkono su rana suke so. A yanka kuɓewa sirara, a ɗora a bisa wani abu, a rufa da yadi marar kauri saboda ƙuda, a shigar da ita ɗaki kafin raɓa ta sauka. Don Allah a daina shanya a gefen titi, inda ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi ke sauka a kai.

Duk abin da ya yi fumfuna, musamman barkono da gyaɗa, zubarwa za a yi. Akwai dafin da fumfuna ke bari wanda ke lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe shi. Kada tsimi ya kai mu asibiti. Kauɗar tumatir kuwa ba yanzu ba ne lokacinta, sai Fabrairu da Maris da tumatir ke araha iska kuma ta bushe.

AJIYE IRI

Ki zaɓi shukar da ta fi lafiya da haihuwa, ki ɗaura mata tsumma don kada ƙannenki su tsinke. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwarta har ta fara tsagewa. Tumatir a matse nunanne a kofi, a bar shi kwana 2 zuwa 3, a wanke, a shanya a inuwa. In iri ya bushe ƙayau, ki gauraya da toka, ki zuba a kwalba mai murfi, ki rubuta suna da shekara, ki ajiye nesa da murhu. In kin sayi irin fakiti kika ga an rubuta F1 a jiki, kada ki ajiye 'ya'yansa, ba sa gadon uwarsu. Irin albasa kuma ba ya jure ajiya, da ya wuce shekara ƙarfinsa ya ragu. Kafin ki zuba kowane tsohon iri, ki naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma na 'yan kwanaki. In 7 ko 8 sun tsiro, bismillah.

ƘWARI DA LAFIYARKI

In darɓa ko tsutsa sun dame ki, maganinsu na ƙofar gidanku. Ki daka rabin kilo na busassun 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, ki jiƙa a bokiti mai lita 10 ya kwana, ki tace, ki narka ɗan sabulu a ciki, ki yayyafa da yamma har bayan ganye. A maimaita bayan mako guda. Amma ina roƙonku da girman Allah, kada wadda ta kusantar da piya-piya ga ganyen miya ko kayan ajiya. Guba ce. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a shekarar 2015. Abin da baƙo ya ƙi saya, ya za a yi mu zuba wa ƙannenmu a kwano?

Har ila yau wannan ne lokacin zazzaɓin cizon sauro. Ƙwan sauro na zama sauro cikin kamar kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ke kwance. Ki rufe duro da randa, ki kife gwangwanaye da fasassun tukwane. Sannan kada ki shiga lambu ba takalmi, kada kuma ki cusa hannu ƙarƙashin ganyen kabewa sai kin fara ɗagawa da sanda, saboda maciji da kunama.

KAFIN MU YI SALLAMA

Wata za ta ce, "Haba Anti, ni da nake shirin jarrabawa ina ni ina fartanya? Hannuna zai yi kanta." Yo ƙanwata, buhu biyar na shuka minti nawa zai ci miki? Kwata ɗaya da safe kafin ki sa kayan makaranta, kwata ɗaya da yamma. 'Yan Nijeriya za ku koma aji a Satumba, 'yan Nijar a Oktoba, don haka aiki mai nauyi a gama shi cikin hutu, a bar ban ruwa kawai.

Ku kuma dubi abin da ke ciki. Zoɓon da kika ɓare, da busasshiyar kuɓewa, da garin zogale, in sun yi yawa kuɗi ne a hannunki da rani, kuɗin littafi da biro da sabulu da man shafawa. Yarinyar da ke da ɗan abin hannunta ba ta zura ido ga aljihun saurayi, kuma wanda bai saye ki da toshi ba, ba ya iya ɗaga miki murya da maganar banza. Ranar da Allah Ya kai ki ɗakinki kuwa, ko aure ya ɗauke ki daga Daura ya kai ki Kumasi, kin riga kin san abin da za ki fara yi: ki tambayi tsofaffin unguwar yaushe ruwansu ke zuwa, yaushe yake ɗaukewa, sannan ki ɗauki iri. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan ban ruwa da hunturu, da yadda ruwan wanke shinkafa da na alwala za su rayar da lambu a gidan da ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Mai tambaya ta rubuto, ta kuma faɗi garin da take, don in san irin amsar da zan ba ta. Ku gaishe mini da su Mama. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga kaka lafiya, Ya ba 'yan makaranta sa'a, Ya haɗa 'yan mata da mazaje nagari, amin.

Taku har kullum,
Antinku ta Lambun Tsakar Gida.